Ribaɗin da ke Cikin Hanji: Lacca a kan Garkuwar Tantanin Ciki da Ɗigon Shan Inna

 Ina gaida shugaban wannan zama, da malamaina da ke nan gaba, da iyayenmu mata da suka taso daga unguwanni, da ɗaliban kiwon lafiya na nan Jega, da takwarorinsu na jami'ar Aliero, da ma'aikatan asibitocin karkara da suka zo daga ƙasar Maiyama.

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bahasi a kanta, wato yadda sinadaran da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo da su suke sarrafa ƙwayoyin da ke haɗa makarin cuta a cikin hanji da hanci da maƙogwaro, wanda ya ji ta daga nesa zai yi zaton ba ta fita daga ɗakin bincike. Amma duk wanda ya taɓa rataya akwatin sanyi ya bi gida-gida da ɗigon shan inna, a Sabon Gari ko a Kimba, a Sabiyal ko a Andarai, ya san akwai tambayar da magidanta ba su gajiya da yi a ƙofar gida: yaron nan an ɗiga masa bara, an ɗiga masa watan jiya, ga shi yau an sake dawowa, alhali allurar ƙyanda sau ɗaya ko biyu ake yi a wuce wurin, to mene ne dalili? A wurina wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma haƙƙin mai ita ne a ba shi amsa da hujja, domin inda aka bar tambaya ba amsa, zato da jita-jita ne ke cike gurbin. Amsar kuwa tana cikin hanjin yaron, kuma ba za a fahimce ta ba sai an san nizamin da ke gudana a can.

Idan aka tambayi mutane ina ne iyakar jikin ɗan Adam da duniyar waje, galibi fata za su nuna. To fatar babban mutum, da za a shimfiɗa ta, ba ta wuce murabba'in mita 2 ba, kuma an yi ta hawa-hawa, samanta busasshe. Amma tantanin nan mai danshi da ya lulluɓe cikin baki da hanci da maƙogwaro da huhu da hanji, na hanyar abinci kaɗai ya kai kimanin murabba'in mita 30, bisa awon da masana biyu na ƙasar Suwidin suka sake yi a 2014. Kuma a hanji kaurinsa jerin ƙwaya ɗaya ne tak, saboda dole abinci da ruwa su ratsa shi su shiga jini. A bayan wannan siririn shamaki akwai jini da rai, a gabansa kuwa akwai duk abin da muka haɗiye, tare da ƙananan halittu mazauna hanji waɗanda yawansu ya yi kusa da yawan ƙwayoyin jikin mutum kansa, mafi yawansu masu amfani ne gare mu. Saboda haka aikin da ke kan garkuwar wannan wuri ya fi na ko'ina wuya, domin ana son ta bar tuwo da fura su wuce lafiya, ta zauna da mazauna hanji cikin amana, sa'an nan ta tare kwalara da shan inna, duk a ƙofa ɗaya.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙi ba ne ga irin wannan tadbiri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi talifi a ilmin ɗibbu kuma ya zaɓi zaman ribaɗi a Wurno, ya san cewa garin iyaka ba ya rayuwa da ganuwa kaɗai: fatake za su shigo, manoma za su fita, kuma wajibi ne masu tsaron su rarrabe ayari da mahara, kada kuma su zare takobi sai da umarni. Hanji ribaɗi ne irin wannan, kuma laccarmu a kan umarnin take.

Makarin da jiki ke haɗawa, wanda likitoci ke kira antibodi, jinsi biyar ne: IgM, IgG, IgA, IgE da IgD. Wanda ya fi yawa a jini shi ne IgG, kuma ɗabi'arsa zafi ce, idan ya kama ƙwayar cuta sai ya kira fararen ƙwayoyin jini, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zogi. Da irin wannan faɗa ake yi a hanji bayan kowace loma, da babu wanda zai ƙoshi da lafiya. Tun 1919 Alexandre Besredka, a cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya lura cewa zomayen da ya ba matattun ƙwayoyin atuni ta baki sun sami kariya ba tare da ta dogara ga abin da ke cikin jininsu ba, sai dai bai san abin da ke kare su ba. A 1959 Joseph Heremans na Beljiyam ya keɓe IgA, a 1961 Lars Hanson na Suwidin ya same shi a nonon uwa, sa'an nan Thomas Tomasi na Amurka ya tabbatar a farkon shekarun 1960 cewa shi ne ya rinjayi sauran a yawu da hawaye da majina da ruwan hanji. A yau an san babban mutum na haɗa gram 3 zuwa 5 na IgA kowace rana, fiye da sauran jinsunan huɗu a haɗe, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin da ke haɗa makari a jiki suna zaune ne a bangon hanji. Aikinsa kuwa na ruwan sanyi ne: yana fita biyu-biyu a ɗaure da juna, ya kama ƙwayoyin cuta ya dunƙule su cikin majinar hanji, ya rufe ƙugiyoyin da suke maƙalewa da su, ya ɗaure dafin da suke fitarwa, har a kore su tare da bayan gida, ba kumburi, ba zazzaɓi.

To, wa ke haɗa shi, kuma da izinin wa? A nan nake roƙon ɗalibai su tattara hankalinsu.

Ana haifar ƙwayar da ake kira B a cikin ɓargo, kowace ɗaya da irin abin da aka halicce ta ta gane, amma dukkansu da IgM suke farawa. Babu wadda ke juyawa zuwa IgA don ra'ayin kanta, sai an umarce ta. Umarnin yana zuwa ne ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da ƙwayoyin jiki ke fitarwa don maƙwabtansu, waɗanda ake kira sitokin. Kaɗan ake fitarwa ƙwarai, ba su tafiya da nisa, ba su daɗewa, kuma ma'anar kowane ɗaya tana canzawa gwargwadon waɗanda suka iso tare da shi. Wurin da ake ba da umarnin kuwa wasu ƙananan tarin kaluluwa ne a bangon ƙaramin hanji, waɗanda wani ɗabibi ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Conrad Peyer, ya siffanta tun 1677, aka yi kusan shekara 300 ana ganinsu ba a san hikimarsu ba, sai a 1971 da Susan Craig da John Cebra suka ɗebi ƙwayoyi daga cikinsu suka zuba a jinin wasu zomaye, suka tarar sun je sun cika bangon hanji suna haɗa IgA. A saman kowane tari akwai ƙwayoyi na musamman, ana ce musu M, waɗanda aikinsu shi ne su ɗebo kaɗan daga abin da ke wucewa cikin hanji su shigo da shi da gangan, su miƙa wa wasu ƙwayoyi masu rassa, su kuma su nuna wa ƙwayoyin T mataimaka. Idan ƙwayar B ta gane abin da aka shigo da shi, kuma ƙwayar T ta gane shi ita ma, sai su haɗa jiki, T ta taɓa ta da wani sinadari da ke bisa fatarta, CD40L, ta kuma zuba mata IL-21, wanda ke sa ta hayayyafa ta ƙara ƙwarewa wajen kama abin da ta gane.

Amma wanda ke yanke hukuncin cewa IgA za a haɗa shi ne TGF-beta. Rukunin masana biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, suka nuna haka a 1989, kuma a 2000 aka tabbatar da shi da tajriba mai ƙarfi, yayin da aka samar da ɓeraye waɗanda ƙwayoyinsu na B ba su iya jin wannan saƙo, aka tarar kusan ba su da IgA ko kaɗan. Yadda abin ke gudana shi ne, a cikin kundin gadon ƙwayar B akwai sassa a jere, kowane jinsin makari da nasa; TGF-beta ya buɗe sashen IgA, sa'an nan wani sinadari mai suna AID, wanda Tasuku Honjo da almajiransa suka gano a Kyoto a 1999, ya yi alama a wuri biyu, a yanke abin da ke tsakani a zubar, a haɗe bakin. Wannan yanka ba ya komawa. Ƙwayar da ta zama mai IgA, da ita da zuriyarta ba za su sake haɗa IgM ba har abada, ko da yake abin da suke ganewa bai canza ba. Da a ce wani saƙon ne ya rinjaya a lokacin, da wani hukuncin aka yanke: IL-4, wanda ke yawaita idan akwai tsutsar ciki, IgE yake umarta, intaferon-gamma kuwa, a tajribar ɓeraye, wajen wasu nau'o'in IgG yake karkatarwa. Akwai kuma gajeriyar hanya wadda ba ta jiran ƙwayar T, inda tantanin hanji da ƙwayoyi masu rassa, da jin kusantar mazauna hanji, suke fitar da APRIL da BAFF su sa a yi juyin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan babi duka shi ne cewa TGF-beta ɗin nan da ke cewa a haɗa IgA, shi ne kuma ke renon wasu ƙwayoyin T masu hana fitina, waɗanda ke kwantar da kumburi su sa jiki ya yi haƙuri da abinci. Saƙo ɗaya ne ya ɗauko umarni da hani tare, kuma ana fitar da shi a kulle, sai ƙwayoyi masu rassa sun buɗe shi a daidai wurin da ake bukata. Wanda ya yi tunani a kan wannan zai ga cewa an gina tsarin ne bisa mizani, don ya yi aiki cikin natsuwa, kuma duk abin da ya dagula natsuwar hanji ya taɓa asalin ginin.

Bayan juyin, ƙwayar ba ta zama inda aka koyar da ita. Takan fita ta magudanar ruwan kaluluwa, ta bi ta kaluluwar da ke jikin marfin hanji, ta hau har ƙirji ta faɗa cikin jini, ta zaga jiki, sa'an nan ta dawo hanji, amma a wannan karon ta watsu a tsawonsa duka. Me ya sa ba ta ɓacewa a hanya? Domin tun kafin ta fita an yi mata shaidar gida. Ƙwayoyi masu rassa na hanji suna juya bitamin A ya zama wani sinadari, asid na retinoyik, shi kuma ya sa ƙwayar ta fito da abu biyu a fatarta: ɗaya mai maƙalewa a jijiyoyin jinin hanji kaɗai, ɗaya kuma, CCR9, mai bin kiran CCL25 da ƙaramin hanji ke fitarwa. Makoto Iwata na Japan ya nuna haka ga ƙwayoyin T a 2004, Rodrigo Mora da abokansa a jami'ar Harvard suka nuna shi ga ƙwayoyin B a 2006, suka kuma ga cewa ɓerayen da aka hana bitamin A ƙaramin hanjinsu ya kusa zama fayau daga masu haɗa IgA. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan ta isa, sai ta rikiɗe ta zama ƙwayar filasma, wadda ba ta da sana'a sai zubo makari, dubbai a kowace daƙiƙa. Ko a nan ma ba ta wadatu daga saƙo ba, domin rayuwarta ta rataya ga IL-6, wanda Tadamitsu Kishimoto ya fito da shi a Osaka a 1986, da APRIL daga maƙwabtanta. Idan suka yanke sai ta mutu, idan suka ɗore kuwa, masana a Oslo sun nuna a 2017 cewa wasu daga cikinsu na yin shekaru gommai a hanjin mutum. Sauran aiki ɗaya: makarin yana bayan shamaki, abokin gaba yana gabansa. Per Brandtzaeg, shi ma a Oslo, ya bayyana a 1974 cewa ƙwayoyin tantanin suna da wani maɗauki da ke kama IgA daga ƙasa ya ratsa da shi ya sake shi a cikin hanji, ya bar masa wani yanki nasa a jiki don ya kare shi daga ruwan narkar da abinci. Yawan wannan maɗauki ma sitokin ne ke ƙara shi, irin su IL-17 da intaferon-gamma. Kun ga ke nan tun daga juyi, zuwa tafiya, zuwa zama, zuwa fita, babu matakin da ake takawa ba da saƙo ba.

Yanzu mu koma ƙofar gidan magidancin. Ƙwayar shan inna ta baki take shiga, ta hayayyafa a maƙogwaro da hanji, ta yi makonni tana fita ta bayan gida, kuma a cikin yara kimanin 200 da ta kama, ɗaya ne take shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba wanda ya sani. Rigakafinta iri biyu ne. Na Jonas Salk, na 1955, allura ce ta matacciyar ƙwaya, tana cika jini da IgG, ta hana cutar isa ga laka, amma ba ta bi ta makarantar hanji ba. Na Albert Sabin, na farkon shekarun 1960, ɗigo ne na rayayyiyar ƙwaya da aka raunana, wadda ke bin hanyar da muka siffanta tun daga ƙwayar M. A 1968 Pearay Ogra ya auna yara a Amurka ya nuna cewa masu ɗigo ne ke samun IgA a hanci da hanji, masu allura ba su samu. Saboda haka allura tana kare yaron, ɗigo kuwa yana kare shi ya kuma hana cutar bi ta cikinsa zuwa ɗan maƙwabci. Amma ɗigon yana da sharaɗi, dole raunanniyar ƙwayar ta kama, ta hayayyafa a hanjin na wasu kwanaki, har a ɗebe ta a nuna wa B da T.

A ƙasashen Turai ɗigo 3 ya ishi kusan kowane yaro. Tun shekarun 1970 T. Jacob John, a garin Vellore na Indiya, ya nuna cewa a can ba haka abin yake ba, yara da yawa sun sha uku ba su kamu ba. Mu ma an auna namu: binciken da Helen Jenkins da abokanta suka buga a 2008, bisa bayanan yaran Nijeriya, ya ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya na tsohon haɗin mai jinsi uku yana kare kashi 16 cikin 100 ne kawai daga jinsi na ɗaya na ƙwayar shan inna, na jinsi ɗaya zalla kuwa kashi 67. Idan muka yi lissafi a kan kashi 16, ɗigo 3 ba zai kare fiye da kimanin kashi 40 na yara ba, sai an kai ɗigo 10 za a haura kashi 80. Wannan ita ce amsar, kuma ya kamata a faɗe ta haka ƙarara: ana maimaitawa ne domin a kowane zagaye wasu yaran ne kaɗai yake kamawa, kuma babu mai iya gane waɗanda ya kama da ido.

Dalilin raunin kuwa, yaron da ke rarrafe a tsakar gida tare da kaji da awaki, yana shan ruwan rijiyar da ba ta da murfi ko na gulbi, hanjinsa ba ya hutawa. Masana sun siffanta wani hali da ke samun irin waɗannan yara ko da ba su gudawa, inda tsiron bangon hanji ke gajarcewa, shamakin ya riƙa yoyo, saƙonnin kumburi su yawaita. Ga tamowa, ga gudawa mai wanke ɗigon kafin ya kama, ga kuma wasu ƙwayoyin bairos dangin shan inna da suka riga suka mamaye wurin. A 2016 an buga wata tajriba daga Vellore mai ilmantarwa: an ba jarirai maganin kashe bakteriya kafin ɗigo, alamun kumburin hanjinsu suka ragu, amma kamun ɗigon bai ƙaru ba, kuma waɗanda ke ɗauke da waɗancan bairos su ne suka fi kasa kamuwa. Wannan ya nuna mas'alar ba ta warwaruwa da ƙwayar magani ɗaya. Ba kuma shan inna kaɗai ta shafa ba. Rigakafin gudawar rota, wanda ya shiga jadawalin Nijeriya a 2022, yana kare sama da kashi 85 cikin 100 daga gudawa mai tsanani a Turai, amma da aka jarraba wani irinsa a kan 'ya'yan 'yan'uwanmu Hausawa a Madarunfa ta jihar Maraɗi, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna kimanin kashi 67. Kada wannan ya sa a raina shi, domin inda cuta ta fi kisa, kashi 67 ya fi ceton rayuka a kan kashi 90 a inda ba ta kisa.

Ina ganin da an yi wa jama'a irin wannan bayani tun farko, da dakatarwar da aka yi wa rigakafin a wasu jihohin Arewa a 2003, wadda a Kano ta kai tsakiyar 2004, ba ta sami gindin zama kamar yadda ta samu ba. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, aka kuma shaida Afirka ta rabu da shi ran 25 ga Agusta, 2020. Amma amana ta wajabta a faɗi sauran. Raunanniyar ƙwayar ɗigon, idan ta sami gari inda yara da yawa ba su da kariya, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji wata da watanni har ta dawo da ƙarfinta ta shanye yaro, kuma wannan ne ya rage a jihohinmu na Arewa maso Yamma. Maganinsa shi ne a rufe gibin, kada a bar mata hanjin da za ta sauka. Shi ya sa aka fito da sabon ɗigo mai wuyar rikiɗewa, wanda Nijeriya ta fara amfani da shi a 2021, aka kuma shigar da allurar Salk cikin jadawali tun 2015. Haɗa su biyun yana da hujja, domin tajribobi biyu da aka buga daga Indiya a 2014 sun nuna cewa yaron da ya riga ya sha ɗigo, idan aka yi masa allurar, garkuwar hanjinsa tana farfaɗowa fiye da in an ƙara masa wani ɗigon.

Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne. Jariri yana zuwa duniya da IgG na uwarsa a jininsa, amma hanjinsa babu masu haɗa IgA, sai bayan makonni suke fara bayyana. An tanadar masa mafita tun kafin ya iso. A ƙarshen ciki mama yakan fara fitar da wani kira, CCL28, wanda ke janyo ƙwayoyin da aka koyar a hanjin uwa da maƙogwaronta su zo su zauna a cikinsa. A 1975 Hanson da abokan aikinsa suka ba wasu mata masu tsohon ciki wata bakteriya marar cutarwa suka haɗiye, cikin 'yan kwanaki aka sami masu haɗa makarinta a nononsu. Ma'ana, duk abin da uwa ta gamu da shi a ruwan gidanta da ƙurar unguwarta, makarinsa na cikin nononta, daidai da abin da ɗanta zai gamu da shi. Dakashin nan mai kauri mai ruwan ɗorawa, wanda a wasu gidaje har yanzu ake matsewa a zubar ana cewa bai da kyau, a ba jariri ruwa ko madarar dabba kafin nono ya wanku, ya ninka nonon baya wajen IgA kusan sau goma. Zubar da shi hasara ce babba, kuma ina roƙon ungozomomi da kakanni, waɗanda maganarsu ce ake ji a ɗakin mai jego, su tsaya a kan wannan. Nono zalla wata 6, ba ko ruwa, sa'an nan a ci gaba tare da abinci har shekara biyun da Suratul Baƙara ta ambata. Kada kuma a hana yaro nono don za a yi masa ɗigo. An jarraba hakan da rigakafin rota a Indiya da Pakistan da Afirka ta Kudu, bai ƙara kome ba.

Bitamin A kuwa, kun ji matsayinsa wajen mayar da ƙwayoyin gida. Tun kafin a san wannan, Alfred Sommer ya nuna a Indunisiya a 1986 cewa ba yara shi ya rage mutuwarsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ne ɗan ƙwanson nan da ake matsa wa yara a baki duk wata 6, shuɗi ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara 1 zuwa 5. Ƙasar da ke fitar da albasa mota-mota daga Aliero ba ta rasa fadamar karas da kabewa da alayyafo, kuma zogale da manja da mangwaro da hanta da ƙwai duk suna kasuwar Jega. Abin da ya rage shi ne su shiga kwanon yaro, da ɗan mai a ciki, domin bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo.

Saura hanci da maƙogwaro, kuma ba zan tsallake su ba a gaban mutanen da suka san sanƙarau. Ƙwayarsa tana zama a bayan hancin mutane da yawa masu lafiya ba ta yi musu kome, sai a ƙalilan take ratsa tantani ta shiga jini ta hau kai. Tana da wani sinadari da ke datse IgA na wannan wuri gida biyu, kuma masana na ganin busasshiyar iska da ƙurar rani suna raunana tantanin, abin da ya dace da yadda annobar ke tashi daga hunturu zuwa bazara ta kwanta da saukar damina. A 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya. Allurar MenAfriVac, da ta iso ƙasar nan a 2011, ta karya jinsin A, kuma sirrin nasararta shi ne ba jini kaɗai ta tsare ba, ta hana ƙwayar zama a maƙogwaro: a ƙasar Cadi an auna an ga masu ɗauke da ita sun ragu da kashi 98 cikin 100. Sai wani sabon nau'in jinsin C ya ɓullo a Sakkwato a 2013, ya shigo Jihar Kebbi a 2014 da 2015, ya yi babbar ɓarna a Zamfara a 2017, kuma a farkon 2025 ƙasashen Gwandu da Aliero da Jega sun sake binne 'ya'yansu saboda sanƙarau. Allah Ya jiƙansu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare jinsi biyar, A da C da W da Y da X. Ku ɗalibai da za a tura ƙauyuka da ita, ku bayyana wa matasa da 'yan makarantun kwana, waɗanda su ne suka fi ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro ba tare da ciwo ba, cewa ana neman hannunsu ne tun kafin iskar hunturu ta kaɗa, domin jiki na bukatar kimanin kwana 10 zuwa 14 kafin makarin ya taru.